Don Allah wane tsuntsu ne wannan na gani a saman kurmin Kakum?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah taimako nake nema, abin nan ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Na zo Cape Coast a Gana wani ɗan kwas na sati biyu, to ranar Asabar ba mu da aji sai muka haɗa kuɗi muka tafi Kakum, kurmin nan mai gadar igiya a saman itatuwa. Mun hau da sassafe rana ba ta gama fitowa ba, ina tsaye a kan dandamalin katakon da aka kafa a jikin wata ƙatuwar bishiya, abokan tafiya da jagoranmu sun riga sun yi gaba, sai ga wasu 'yan tsuntsaye sun sauka a reshen da ke gabana, tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Wallahi tunda nake ban taɓa ganin tsuntsu ƙarami haka ba, asisi ma ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Su biyar ne ko shida, ba sa tsayawa wuri ɗaya, wannan ya leƙa ƙarƙashin ganye wancan ya bi reshe yana tsattsaga, suna ɗan kuka siriri ƙasa-ƙasa. Cikinsu rawaya ne, kan kuma kamar toka-toka. Kafin in saita waya sun watse, hoto ɗaya tak na samu ga shi nan duk ya yi duhu. Wa ya san shi?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam, barka da shigowa. Matambayi ba ya ɓata. Bari masana su zo, amma kafin nan faɗa mana, sama da kai suke ko daidai idonka?

Sabon Shiga:
Daidai idona ranka ya daɗe, wasu ma ƙasa da ni kaɗan, don ai muna can sama sosai.

Mai Kyamara:
Na sauke hoton na ƙara masa haske a kwamfuta, gaskiya ba abin da ake gani sai ɗan dunƙule da rawaya a ƙasansa. Ni dai inaga sha-kauci ce mace. Matan sha-kauci ba su da ƙyallin nan na mazan, yawancinsu haka suke kore-kore a sama rawaya-rawaya a ƙasa, kuma kurmin Gana cike yake da su iri-iri. Duk wanda ya fara kallon tsuntsaye sai matan sha-kauci sun wahalar da shi.

Ɗalibar Jos:
Anya kuwa yaya? Ɗan uwa Sabon Shiga, bakin fa? Dogo ne mai lanƙwasa kamar allurar ɗinkin buhu ko gajere? Kuma furanni suke bi ko ganye da reshe?

Sabon Shiga:
Gajere ne sosai, wannan kam na tabbata. Kuma babu fure ko ɗaya a bishiyar, reshe suke bi kamar masu tsintar wani abu da ya manne a jiki.

Mai Kyamara:
To ai akwai sha-kauci mai gajeren baki, wadda ake kira Collared Sunbird, cikinta rawaya shar kuma ƙwari take ci sosai ba ruwan fure kaɗai ba.

Ɗalibar Jos:
Haka ne akwai ta, amma waccan ko macen ce kanta da bayanta kore ne mai ƙyalli kamar an shafa mai. Shi kuma cewa yayi kan toka-toka ne. Ba su haɗu ba.

Tsohon Malami:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ɗana Sabon Shiga na ji daɗin yadda ka ba da labarin, don ka faɗi abubuwan da yawancin mutane ba sa lura da su, wato yawansu da yadda suke cin abinci. Amma bari in ja hankalinku kan abu ɗaya. A saman kurmi kalmar "ciki rawaya" ba ta raba komai. In ka tsaya a gadar Kakum awa biyu za ka iya ganin ƙananan tsuntsaye masu rawayan ciki sun fi kala goma, sha-kauci ne, masu farin zobe a ido ne, 'yan guntun jela ne, duk ga su nan. Launi shi ne abin da ido ke fara kamawa kuma shi ne ya fi yaudara, saboda hasken da ya ratso ta cikin ganye kan rina farin tsuntsu ya koma kore, in kuma tsuntsun yana tsakaninka da farin sama to baƙi ƙirin za ka gan shi, kamar yadda ya faru da hotonka. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai su bar launi sai ƙarshe. A fara da girma, a gwada shi da ganyen da ke kusa ko da tsuntsun da aka sani. Sai baki. Sai jela, akwai ta ko babu. Sai ƙafa, wadda kusan kowa ke mantawa da ita. Sai hali, shi kaɗai ne ko gungu, a ina yake neman abinci.
To yanzu ɗana ka rufe ido ka tuna, kada ka duba littafi ko waya tukuna don kada hoton wani ya shiga kanka ya kore abin da ka gani. Jela fa? Kan nan da wuya sumul suke ko da zane? Ƙafa wane launi?

Sabon Shiga:
Malam na gode ƙwarai. Jela akwai amma 'yar gajera. Kan kuma yanzu da ka faɗa, ba sumul yake ba, kamar akwai 'yan layuka-layuka masu duhu a wuya da ƙirji, kamar an ja da fensir. Ƙafa kam gaskiya ban kalla ba, ba zan yi ƙarya ba.

Mai Kyamara:
Ato, in dai akwai zane a kai to na canza magana. Speckled Tinkerbird ne. Kansa kamar ɓawon kifi, ƙasansa rawaya-rawaya da ɗigo-ɗigo, kuma yana nan a Kakum sosai. Ɗan uwan wanda muke ji a arewa ne da rana tsaka yana tonk tonk tonk kamar maƙeri yana dukan ƙarfe, ba ya gajiya.

Ɗalibar Jos:
Yaya wancan ai ya kai santimita 12 ko fiye, kuma bakinsa kauri gare shi kamar turmi, dangin maƙwaƙƙwafi ne fa. Mutumin da ya ce asisi ya fi abin da ya gani girma ba zai ga wancan ya ce ƙarami ba. Ni abu biyu ke raina, ko Lemon-bellied Crombec ko Tit-hylia. Duk biyun wajen santimita 8 suke, duk biyun can sama suke zama, duk biyun cikinsu rawaya. Amma na farkon kusan ba shi da jela sam, kamar an yanke da almakashi, irin ɗan uwansa da muke gani a nan Jos da sauran dazukan arewa yana bin reshen ƙaya, mai ciki ja-ja. Kuma shi ɗaya ko biyu ake ganinsa, ƙirjinsa ba zane. Su shida tare, da zane a wuya, da 'yar jela, ni Tit-hylia nake gani.

Tsohon Malami:
Madalla 'yata, inda hankalina ya tafi kenan, amma na so wani ya riga ni faɗa. Sai dai har yanzu zato ne mai ƙarfi, ba mu kai ga tabbas ba, saboda babbar alamarsa ita ce ƙafa, rawaya ce mai haske kamar ya sa safa, ga kuma rawaya a gindin jela ta baya wadda ake gani in ya juya ko ya tashi. Ɗanmu bai ga ƙafa ba. Akwai kuma wani da ya kamata a kawar, Forest Penduline Tit, shi ma ɗan mitsitsi ne, shi ma gungu yake yawo a can ƙololuwa, amma bayansa ruwan ganye ne, ba shi da zanen nan a wuya, bakinsa kuma tsini gare shi kamar ƙusa.

Kawu Na Serti:
Ni fa ina mamakinku yaran zamani. Mutum ya hau sama kusan ya taɓo gajimare don ya ga abin da ko loma ɗaya bai kai ba. Mu da muka tashi a gefen dajin Gashaka mun san burtu, mun san cilakowa, mun san aku, waɗannan ƙananan kuwa duk 'yan tsuntsaye muke ce musu mu wuce. Amma fa ina karantawa, ku ci gaba, don na ga abin naku akwai ilimi a ciki.

Tsohon Malami:
Kawu ai ba laifinku ba ne, daga ƙasa ba a ganinsu. Bishiyar kurmi takan kai mita 40 ko 50, kai kana ƙasa cikin duhu wuyanka ya sage, abin da ke motsi a can sama bai kai babban yatsanka ba. Mutum zai iya shekara talatin yana ratsa kurmi wannan tsuntsu na bisa kansa kullum bai taɓa sanin da shi ba. Amfanin gadar Kakum kenan, ta ɗaga mutum ta kai shi inda suke.

Ɗan Zangon Kotokuraba:
Salamu alaikum 'yan uwa, ni nan Cape Coast nake zaune, an haife ni a nan. Ɗan uwa ka zo garinmu ba ka neme mu ba. Kakum daga nan bai fi kilomita 30 da 'yan kai ba, hanyar Twifo Praso, ƙauyen da ke bakin wurin Abrafo sunansa. An mai da shi gandun daji na ƙasa a 1992, gadar kuma an buɗe ta 1995, wasu mutanen Kanada ne suka yi aikin tare da 'yan Gana. Gadoji bakwai ne a jere, tsawonsu duka ya haura mita 300, a wani wurin tsakaninka da ƙasa ya kusa mita 40. Na hau ya fi sau goma, duk baƙon da ya zo mana daga Kumasi ko Tamale ko Najeriya can muke kai shi, amma wallahi ban taɓa ganin wannan abu da kuke faɗa ba. Mu dai muna riƙe igiya muna salati har mu ƙetare.

Ɗalibar Jos:
Ƙarfe nawa kuke zuwa yaya?

Ɗan Zangon Kotokuraba:
Sha ɗaya, sha biyu haka, in an gama karyawa an samu mota.

Ɗalibar Jos:
To shi ne. Lokacin rana ta yi zafi tsuntsaye sun yi shiru, ga 'yan makaranta sun cika gada suna ihu tana lilo. Masu kallon tsuntsaye shiri suke yi da ma'aikatan wurin tun jiya su shiga da asuba kafin a buɗe wa jama'a, su zauna a dandamali ɗaya awa uku ba motsi. Kuma a kurmi tsuntsaye ayari suke yi, kala daban-daban su haɗu su riƙa tafiya tare suna kiwo, sai ka yi rabin awa ba ka ga komai ba, can sai bishiya ta cika da su minti biyar su wuce, shi kenan sai wani ayarin.

Sabon Shiga:
Wallahi haka aka yi ƙanwata. Kafin su zo shiru kake ji, bayan sun tafi ma shiru. Na sa hoton a wata manhajar gane tsuntsaye a waya, ta ba ni sunaye uku daban-daban, ɗaya ma da na bincika tsuntsun Kudancin Amurka ne.

Mai Kyamara:
Da irin wannan hoton ai ba manhaja ba ko Malam ba zai gane ba. Shi ya sa nake faɗa kullum a zauren nan, in babu hoto mai kyau to babu magana. Ni ba zan yarda a rubuta Tit-hylia a eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke tura abin da suka gani, da wannan ba. Mutum ya ga abu na daƙiƙa goma, bayan kwana biyu an yi masa tambayoyi sai ya fara tuno zane a wuya, ina muka san ba tambayar ce ta sa masa zanen a kai ba? Ba wai ina ƙaryata ɗan uwa ba ne, ni ma ya sha faruwa da ni, kama da wane ba wane ba ce.

Tsohon Malami:
Rabin maganarka gaskiya ce kuma ina tare da kai a kanta. Ƙwaƙwalwa takan cike gurbi da abin da take so, shi ya sa na hana shi duba littafi, shi ya sa kuma ake son mutum ya rubuta abin da ya gani nan take a wurin, ko ya yi magana a waya ya naɗa, tun kafin ya san sunan da yake nema. Kuma ba abin kunya ba ne a rubuta "ƙaramin tsuntsu, ban gane shi ba". Jerin sunayen da ba shi da irin wannan layin ko ɗaya ni shakkarsa nake yi. Waɗannan bayanai da muke turawa ana amfani da su wajen zana taswirar inda kowane tsuntsu yake, irin aikin da ake yi daga cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, kuskure ɗaya in ya shiga sai ya yi shekaru ana kwafarsa.
Amma ɗaya rabin ban yarda ba. In muka ce sai mai babbar kyamara ne kaɗai ke da bakin magana to mun kori kusan kowa, mun kori manomi da mafarauci da ɗalibin da ba shi da ko madubin hangen nesa. An san tsuntsayen nan tun kafin a iya ɗaukar hotonsu, da ido da kunne da alƙalami aka san su. Yaron nan an tambaye shi ƙafa ya ce bai kalla ba. Da mai son a yaba masa ne da ya ce rawaya ce, tunda ya ga inda maganar ta nufa. Wannan amsar ta sa na yarda da sauran abin da ya faɗa.

Mai Kyamara:
Malam ai ƙafar ka tambaya kafin ka faɗi launinta, bai san amsar da ake so ba lokacin.

Tsohon Malami:
Gaskiyarka, na karɓa. Amma bayan na faɗa ma ai bai dawo ya ce ya tuna ba.

Uwar Biyu:
Ni ban san komai a harkar nan ba, 'yata ce ta sa ni a zauren saboda tana son zanen tsuntsaye. Malam don Allah ba mu labarin shi wannan Tit-hylia ɗin mana, ko da ba shi ne aka gani ba. Da gaske ya fi asisi ƙanƙanta?

Tsohon Malami:
Hajiya sosai ma. Asisi da jelarsa yakan kai santimita 12 zuwa 13, wannan kuwa 8 ne ko ƙasa kaɗan, nauyinsa wajen giram 5, wato nauyin farar takardar A4 guda ɗaya. Ɗauki takarda ɗaya a tafin hannu ki ji, to a cikin wannan nauyin akwai zuciya da huhu da ido da fuka-fukai. Da yawa suna cewa shi ne mafi ƙanƙanta a duk Afirka, kodayake akwai 'yan Penduline Tit da ke ja da shi a wannan matsayi, bambancin 'yan milimita ne. Don ƙanƙantarsa har a saƙar gizo-gizo yakan maƙale.
Sunansa na kimiyya Pholidornis rushiae. Wani masanin tsuntsaye na Filadelfiya a Amurka, John Cassin, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1855. Yana zaune a kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga Saliyo da Laberiya, Kwaddibuwa, Gana, kudancin Najeriya, Kamaru, Gabon, Kwango har Yuganda, da tsibirin Bioko. Abincinsa ƙananan ƙwari ne, musamman irin waɗanda ke manne a reshe kamar ɓawo ba sa motsi suna tsotsar ruwan itace, shi ya sa da yaron nan ya ce kamar suna tsintar abin da ya manne sai na gyara zama. Suna yawo 'yan gungu, har zuwa bakwai haka. Sheƙarsu dunƙulalliya ce ta zaren tsirrai, ta ninka mai ita girma, kuma ba don ƙwai kaɗai ba ce, a ciki suke kwana tare. In an ƙyanƙyashe ma ba iyaye biyu kaɗai ke ciyarwa ba, sauran 'yan gungun suna taya su.

Uwar Biyu:
Subhanallah. Gidan gandu kenan. Na karanta wa yarinyar ta ce sai ta zana shi yau.

Ɗalibar Jos:
Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya wahalar da masana. Fiye da shekara ɗari da hamsin ana yawo da shi, a sa shi cikin dangin sha-kauci, a cire a kai shi dangin su asisi da baiwar Allah, a cire a kai wajen Penduline Tit, a sake cirewa. Sai da aka yi binciken ƙwayoyin gado sannan a 2019 magana ta ƙarfafa cewa ɗan uwansa na kusa shi ne Green Hylia, su biyu ne kawai a danginsu, Hyliidae. Shi kuma Green Hylia in kun gan shi ba za ku ce sun haɗa komai ba, ya fi girma, ruwan ganye mai duhu da farar gira, yana ƙasa-ƙasa a kurmi, kukansa fito biyu ne kii kii, ana jinsa ko'ina amma ganinsa aiki ne. To in manyan masana sun yi wannan ruɗanin da tsuntsun a hannunsu, mu da hoto mai duhu ai sai a hankali.

Ɗan Zangon Kotokuraba:
Na bincika yanzu na ga an rubuta na Gana ussheri. Ko yana da alaƙa da Ussher Fort na Akra?

Tsohon Malami:
Mutum ɗaya ne, Herbert Ussher, gwamnan Ingila a can lokacin ana ce wa ƙasar Gold Coast, mai tara tsuntsaye ne, akwai ma wani mai cafke ƙudaje da ke ɗauke da sunansa, Ussher's Flycatcher, shi ma ana ganinsa daga kan gadar taku a kan busasshen reshe. Tit-hylia reshe huɗu aka kasa shi, na wajenku shi ne ussheri. Kurmin yamma da na tsakiyar Afirka ba a haɗe suke ba, akwai wani fili na ciyawa da ya ratso har bakin teku ta wajen Togo da Benin da gabashin Gana, to tsuntsun da ba ya barin saman manyan itatuwa irin wannan fili katanga ne a gare shi. Haka ma in aka sare kurmi aka bar tsibiri-tsibiri. A yanzu ba ya cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu don ƙasarsa na da faɗi, amma kurmin yamma kam an ci mafi yawansa, gonakin koko da katako da haƙar zinariya.

Ɗan Zangon Kotokuraba:
Galamse kam, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, kada ma a fara maganarsa, ku zo ku ga ruwan kogin Pra yadda ya koma kamar kunu.

Mai Kyamara:
Ɗan uwa in kana da sauran kwanaki ka koma mana. Ka sauke kukansa daga xeno-canto, shafin da ake tara kukan tsuntsaye, ka kunna a sifika, in suna kusa za su zo, ka ɗauki hoto mai kyau a huta.

Ɗalibar Jos:
A'a don Allah yaya. Ya saurara a ɗaki da abin kunne ya haddace, wannan daidai ne. Amma kunna wa tsuntsu mai giram 5 kuka a wurin da baƙi ke zuwa kowace rana, ya bar cin abinci ya zo yana neman abokin faɗan da babu shi, in kowa ya yi haka fa? Safiyar nan ita ce lokacin da yake mayar da abin da ya ƙone cikin dare.

Mai Kyamara:
Sau ɗaya na daƙiƙa talatin ba zai kashe shi ba, jagorori da yawa suna yi.

Shugaban Zaure:
Wannan muhawarar mun yi ta a baya ba ta ƙare ba, kada mu sake buɗe ta a nan. Kowa ya bi dokar wurin da ya je, ya tambayi ma'aikata.

Kawu Na Serti:
To ni tambayata, duk wannan Turanci da Latin, ba shi da suna da Hausa ne? Kakanninmu fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro, goron nan kuma daga wannan kurmin na Asante yake fitowa.

Tsohon Malami:
Kawu fatake a kasuwa suke tsayawa, irin su Salaga, goro ake kawo musu, kuma wanda ya shiga kurmin ma ƙasa yake kallo saboda maciji da saiwa. Ni ban taɓa jin Bahaushe ya kira shi da wani suna ba.

Uwar Biyu:
To mu sa masa mana. 'Yata ta ce Autan Kurmi.

Mai Kyamara:
Ni Mai Safar Rawaya ya fi mini, don sunan zai riƙa tuna wa mutum ya kalli ƙafa.

Ɗalibar Jos:
Duka biyun sun yi daɗi, amma ni ina ganin kafin mu raɗa masa suna a tambayi masu wurin. Fante da Asin da Denkyira da ke zagaye da kurmin nan wataƙila tsofaffinsu suna da abin da suke ce masa, masu hawa bishiya da masu sarar katako suna ganin abin da na ƙasa ba ya gani. Yaya na Kotokuraba kai da kake jin yaren, wannan aikinka ne.

Ɗan Zangon Kotokuraba:
Na ɗauka. Akwai dattijon da muke sayen manja wurinsa daga wajen Abrafo yake, zan nuna masa hoto.

Sabon Shiga:
Jama'a ku tsaya!! Yanzu muna cin abinci nake ba abokin ɗakina labarin muhawarar nan, sai yace ai shi yana kan gada ta gaba yana ɗaukar bidiyo ya juyo da waya wajena don ya ɗauke ni, kuma rana tana bayansa. Mun duba, wallahi ga su nan a reshen, kamar daƙiƙa uku. Na tsayar da bidiyon na ɗauki hoto huɗu, ga su. Ku duba na biyu da na uku.

Ɗalibar Jos:
Allahu Akbar ga ƙafa nan!! Rawaya shar kamar an tsoma a ɗorawa. Ga zanen wuya, ga bayan mai duhu, a na uku ma da ya juya ga rawayan gindin jela. Shi ne wallahi.

Tsohon Malami:
Alhamdulillah. Tit-hylia ne babu shakka, yanzu ka rubuta shi da zuciya ɗaya, ka haɗa da hotunan da ranar da lokacin da adadinsu. Na taya ka murna ɗana, akwai waɗanda suka biya kuɗin jirgi daga Turai suka kwana uku a gadar nan ba su same shi a daidai ido haka ba. Ni kaina na fara ganinsa ne daga ƙasa a kurmin kudu, wuyana ya yi kwana biyu yana ciwo, kuma cikinsa kawai na gani.

Mai Kyamara:
Na sallama, shi ne, kuma zanen da ya ce ya gani yana nan, ka yafe ni ɗan uwa. Amma ku duba hoto na huɗu can gefen hagu, akwai ɗaya da ban ga zane a ƙirjinsa ba kuma kamar ba shi da jela. Anya ba Crombec ɗin da ƙanwata ta ambata ba ne ya shiga cikinsu?

Ɗalibar Jos:
Ko kuma ƙaramin ne da bai gama girma ba, 'ya'yansu ba su da zane sosai kuma launinsu a dushe yake. Jelar ma ƙila ganye ne ya rufe.

Tsohon Malami:
Na ƙura masa ido har hawaye ya zo mini. Ƙafarsa tana bayan reshe. Ni a nawa littafin zan rubuta biyar Tit-hylia, ɗaya ban gane ba.

Sabon Shiga:
Haka zan rubuta Malam. Ba komai yaya Mai Kyamara, ba don ka matsa ba da ban ba abokina labarin ba ma. Jirginmu sai Lahadi, kuma Asabar ba mu da aji.

Ɗan Zangon Kotokuraba:
To shi kenan, ni zan kira ma'aikatan gobe in ji yadda ake shiga da wuri da kuɗin jagora. Ka turo mini sunan masaukinka ta akwatin sirri, mu yi sallar asuba a nan zango mu kama hanya. Wa zai ara mana madubin hangen nesa a Cape Coast?